Goggo, shekara biyar ina kwafe buri ɗaya daga littafi zuwa littafi

Assalamu alaikum Goggo. Ina gaisuwa da fatan kina lafiya. Ni saurayi ne ɗan shekara 28, a unguwar Hausari ta Garwa aka haife ni. Na yi lisans, wato digirin farko, a jami'ar Ngawundere, na zauna konkur, jarrabawar shiga aikin gwamnati, sau huɗu, ban samu ba. Yanzu kilando, wato acaɓa, nake yi da moton wani, kullum ina kai masa sefa 2,500, kwana shida a mako. Sabon moto 650,000 ne, ban taɓa tara ko rabinsa ba. Duk ɗaya ga Janairu nakan sayi sabon littafi in rubuta abin da nake so: gida, mota, aure, shago, in kai Inna Makka. Kafin Maris ya ƙare na manta inda na jefa littafin. Bana da na buɗe na bara da na bariya, sai na ga abu biyar ɗin nan ne dai, ko ɗigo bai canza ba. Abokina da ke Duwala yana ta cewa in zo. Kawuna yana da lambun albasa wajen Pitowa, yana so in kama masa, ni kuma ina jin kunyar a ce mai lisans ya koma ban-ruwa. Inna aure take so in yi, akwai kuma yarinyar da ta shekara biyu tana jirana. 'Yan majalisarmu cewa suke wannan rubuce-rubucen nawa rashin tawakkali ne. Gaskiya Goggo ban ma san irin rayuwar da nake so ba. Ta ina zan fara?

Ɗanki, daga Garwa

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya yi maka albarka, ya bar maka Innarka.

Da na gama karanta wasiƙarka sai na jawo biro da bayan takardar kuɗin wuta, don akwai lissafin da ka wuce shi a guje kamar ka hango ɗan sanda a mararraba. Sefa 2,500 sau shida, 15,000 ke nan a mako. A shekara 780,000. In ka raba wata-wata, 65,000. To tun watan Maris na 2023, mafi ƙarancin albashin da doka ta yanka wa ma'aikacin kamfani a Kamaru, in ba na gona ba, sefa 60,000 ne. Ashe kai da kake yi wa kanka kallon marar aiki, albashi kake biyan wani bawan Allah duk wata, har da ɗori. Kuma da bakinka ka faɗi kuɗin sabon moto. Kowace shekara kana saya masa guda, canji ya rage. Ban ce ya cuce ka ba, dukiyarsa ya sa, kai ka sa ƙarfinka, haka aka yi da ku. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, moton nan da kake wuni a kansa, wanda ya cinye maka duwawun wando, bai taɓa samun layi ko ɗaya a littafinka na Janairu ba.

Gida, mota, aure, shago, Makka. Je ka duk majalisar da ka ga dama, daga Yelwa har Rumde Ajiya, ka raba wa samari takarda ka ce kowa ya rubuta burinsa. Abin da za su miƙo maka ke nan, sai dai wani ya sa mota a sama, wani ya sa aure. Jerin kowa da kowa ne, shi ya sa bai riƙe ka ba. Ba ka rubuta kuɗi a gaban ko ɗaya ba, ba ka sa rana ba, babu kuma abin da zai gaya maka yi kaza ranar Talata da safe bayan ka sha kunu. Kanawa na cewa hangen Dala ba shiga birni ba. Shekara biyar kana tsaye wuri ɗaya, duk Janairu ka murza ido ka sake hangowa.

Ka ce ba ka san rayuwar da kake so ba. Duk wasiƙar nan babu maganar da ta kai wannan gaskiya, kuma ba abin kunya ba ce. Ni ma sai da duniya ta matse ni na san tawa. Maigidana, Allah ya jiƙansa, malamin makaranta ne, ma'aikacin gwamnati, irin wanda uwaye ke nuna wa 'ya'yansu da baki. Muna da zanen gida da ya yi da hannunsa a takardar jarrabawa: ɗaki huɗu, falo, bene a gaba in Allah ya hore. Yana ninke a cikin aljihun babbar rigarsa, har ya yi laushi kamar tsumma. A 1993 aka zaftare albashin ma'aikata har sau biyu cikin shekara ɗaya. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa da yake sefa 50 ya koma 100, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya tashi. Muna haya a lokacin. Wata rana da magariba yara na zagaye da kwanon tuwo, mai gidan ya zo zaure ya yi sallama, ya yi gyaran murya, ya sake yi. Babbar 'yata, tana 'yar shekara bakwai, ta tsame hannu daga kwano ta dube ni, don ta riga ta san abin da gyaran muryar nan ke nufi. A daren nan na gane ni ba ɗaki huɗu nake so ba. So nake a wayi gari babu mai tsayawa a ƙofata ƙarshen wata a gaban 'ya'yana. Wannan kuwa ɗaki ɗaya na ƙasa da rufin kwano ya isa ya biya shi. Na fara tuyar ƙuli da matsar man gyaɗa, na shiga adashi, muka sayi ɗan fili a bayan gari inda a lokacin awaki ne maƙwabta. Da muka tare ko ƙyaure babu, zana muka sa. Zanen mai bene kuwa ya bi wanki a aljihu, ba mu ma yi makokinsa ba.

Saboda haka duk abu ɗaya a jerinka, tambaye shi: don me? Gida don me, don haya ta ishe ka, ko don a ce ɗan wance ya yi gini? Shago don me, kana son ciniki ne, ko ranar da ke dukanka a kan moto ce ta gundure ka kana neman inuwa? Mota ma ba zan ɓata tawada a kanta ba, goge ta yanzu.

Sannan ka samu wuri kai kaɗai, waya a kashe, ka ɗauko rana guda daga shekararka ta 38. Kada ka ɗauko ranar Sallah ko ranar tarewa a sabon gida, waɗannan kowa ya iya mafarkinsu. Ɗauko wata Laraba a tsakiyar Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, Binuwai ta janye ta bar yashi. A wane gari ka farka? Wa ka fara gaisarwa bayan asuba? Da hantsi me ke hannunka, biro, ma'auni ko sitiyari? Akwai mai ba ka umarni, kuma zuciyarka na jure shi? In Inna ta kwana da zazzaɓi, minti nawa ne tsakaninku, ko kwana nawa? Rubuta ranar tun daga asuba har lisha, shafi ɗaya. Za ka yi mamakin yadda wasu hanyoyin za su rufe kansu ba tare da ka sha wahalar zaɓi ba. Wanda ya ga kansa yana leƙa Innarsa kowace safiya, ai Duwala ta fita daga lissafinsa.

Tunda na ambaci Duwala, kafin ka hau jirgin ƙasa a Ngawundere ka kwana a hanya, kira abokin nan naka ka yi masa tambaya uku, ban da dariya: nawa yake biyan ɗaki, su nawa ne a ɗakin, nawa ya aika gida watan jiya. Hoton da yake sawa a Facebook ba ya nuna inda yake shimfiɗa tabarma. In can ma moton wani za ka hau, to ka sauya rana da ruwan sama ne kawai, ka ƙara kuɗin haya a kai.

Konkur kuma ba zan ce ka bari ba, don ka yi karatu kuma haƙƙinka ne ka nema. Amma ka sa mata iyaka. Konkur na gwamnati na da iyakar shekaru; na ENAM, makarantar horar da manyan ma'aikatan gwamnati da alƙalai, shekara 32 ne ƙarshensa, saura maka huɗu. Kowane zama yana cin kuɗin tambur, kuɗin buga hatimi a kwafin takardu, takardar kotu, kuɗin rajista, ga kwanakin da ba ka fita aiki ba. Abin da ya fi kuɗin ciwo shi ne watannin jiran sakamako, da mutum ke ajiye duk wani shiri yana cewa bari dai a ga. Tsakaninka da Allah, cikin sau huɗun nan, sau nawa ka zauna wata uku kana karatu kamar mai shirin bak, jarrabawar gama sakandare? In kana so, zaɓi guda ɗaya, ka ba ta zama biyu da karatu na gaske, awa biyu bayan asuba kafin ka fita. In ta zo alhamdu lillahi. In ba ta zo ba ka rufe babin da hannunka, kada ka bari shekaru su rufe maka. Ka kuma tuna da abin da na gaya maka na 1993, aikin gwamnati ma ba dutse ba ne.

Yanzu albasar da kake jin kunya. Ka taɓa tsayawa ka kalli manyan motocin da ke danne da buhuna suna bin hanyar Ngawundere, suna hawan tsaunin nan da ƙyar kamar za su koma da baya? Albasar Garwa da ta Marwa ce ke tafiya Yawunde, ta sauka kasuwar Sandaga a Duwala, wata ta wuce har Gabon. Miyar kudu gaba ɗaya da albasarmu ake yin ta. Amma manomi irin kawunka ba shi ke cin ribar ba, kuma dalilin a fili yake. Ana dashe bayan damina, a yi ta ban-ruwa da injin da ke shan fetur duk hunturu, a cire daga Fabrairu zuwa Afrilu. Kowa a lokaci ɗaya yake cirewa, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi ƙasa warwas, shi kuma manomi ga bashin taki da na mai a wuyansa, dole ya sayar wa dillalin da ya fara sallama. Wanda ya iya ajiyewa har damina ta yi nisa, lokacin da albasa ta yi wuya, shi ke sayar da buhun nan a ninkin kuɗinsa, wani lokaci fiye. Ajiyar kuwa ilimi ce. Sai an bar ta ta bushe wuyanta ya rufe, a shimfiɗa ta a rumfa mai shan iska ba a jibge ba, a riƙa bi ana tsince wadda ta fara ruɓa kafin ta shafi 'yan uwanta. Duk da haka za ta rage nauyi, wata za ta lalace, wata shekarar ma asara ake yi. Kada wani ya gaya maka kuɗi ne a ƙasa.

To a wannan harkar me kawunka ya rasa? Noma dai ya fi ka iyawa, ko ka shekara goma a lambun. Ina kyautata zaton bai san nawa buhu ɗaya ke tsaya masa ba in an haɗa iri, taki, fetur da ladan ma'aikata, don yawancin manomanmu a ka suke lissafi, kai kuwa yana mantuwa. Ba shi da wanda zai kira a Duwala ya gaya masa farashin safiyar yau kafin dillali ya buɗe baki. Kai kana da biro, kana da waya, kana da aboki a can. Ka ga abokin da ke kiranka ka zo, wataƙila ya fi maka amfani yana can kana nan. Ban ce albasa ce rabonka ba, ni ba na duba. Amma in za ka ƙi ta, ka ƙi ta bayan ka yi lissafi. Kunyar 'yan majalisa ba dalili ba ce, ranar da Inna ke buƙatar magani babu wanda zai ciro sisi a cikinsu. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Da ni ce kai, layin farko a littafin shi ne moton kaina, da kuɗi da rana a gabansa. In kana cire 1,000 kullum kafin ka taɓa komai, 6,000 ne a mako, 650,000 za ta cika cikin shekara biyu da wata guda. In ka iya 1,500, wata goma sha bakwai. Ka ƙara kuɗin takardu, inshora da lasisin tuƙi a kai tun yanzu, kada su zo maka bagatatan. Na san mai ya yi tsada: litar fetur a gidan mai ta tashi daga 630 zuwa 730 a Fabrairun 2023, ta koma 840 a Fabrairun 2024, zuwa-zuwa ma, man da ake shigowa da shi daga Najeriya ta bayan fage, ba ta da arahar da take da ita a baya tun da Najeriya ta cire tallafi a Mayun 2023. Don haka kada ka yanka wa kanka abin da ba za ka iya ba, ka yi mako biyu ka karye. Kafin ka yanke, yi wata guda kana rubuta duk abin da ya shigo da duk abin da ya fita, har shayi da katin waya. Akwai ramin da kuɗinka ke zurarewa wanda ba ka san da shi ba, kowa yana da nasa. Kuɗin kuma kada su zauna a Orange Money ko MoMo, nan kusa suke da yatsa, ga kuɗin cirewa. Ka shiga adashi na mutanen da ka san gidajensu, ko ka damƙa wa dattijon da kake jin nauyin zuwa ka ce ba ni. Ka kuma tambayi mai moton ko zai yarda da yarjejeniyar nan da ake biya da kaɗan-kaɗan har moto ya zama naka, a rubuce, da shaidu biyu. Ranar da moto ya zama naka, 780,000 ɗin nan na shekara aljihunka za su riƙa komawa, ban da gyara. Daga nan ne maganar jarin albasa, ko shago, ko fili za ta zama magana. Kujerar Makka a 'yan shekarun nan ta haura sefa miliyan 3. Da moton wani ba ka da hanyarta. Da naka, kana iya ƙirga shekarun a yatsu, kuma Allah bai ɗora wa kowa Hajji ba sai mai iko.

'Yan majalisarku kuwa, ka gaishe su, ka ce Goggo ta ce su koma Suratu Yusuf. Da sarki ya yi mafarkin shanu bakwai masu ƙiba da bakwai ramammu, Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, tsarin shekara goma sha huɗu ya shimfiɗa: a yi noma shekara bakwai, a bar hatsin a zangarniyarsa, a ci kaɗan, don shekarun wuya bakwai masu zuwa. Wa ya kai shi tawakkali a cikinsu? Kuma kowa ya san abin da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce wa mai raƙumi: ɗaure shi, sannan ka dogara ga Allah. Abin da aka hore mu da shi, in za mu ce gobe zan yi kaza, mu ce in Allah ya so. Rubuta shi a saman shafin, ka yi istihara, ka ci gaba. Ka kuma rage baje shirinka a gaban tukunyar shayi. Mutum ɗaya ya isa, wanda zai tare ka bayan Juma'a ya ce nawa aka tara.

Maganar da ta fi damuna ita ce ta yarinyar nan, don ita ce kaɗai a jerinka mai rai da shekaru. Gida zai jira, Makka na nan inda take. Ita kuwa 'yar mutane shekara biyu tana korar masu zuwa, ƙawayenta na ta tarewa, kai ko rana ba ka faɗa mata ba. Ka taɓa tambayarta irin rayuwar da ita take so? Wataƙila ɗaki ɗaya a gidanku ya ishe ta, wataƙila kuma ma'aikacin ofis take jira ka zama. Gara ka sani yanzu. In da gaske kake, tura manyanka su yi magana da nata, a faɗi lokaci, a kuma yi lefe daidai ƙarfi, don akwatunan da ake ciwo bashi a cika su sun kashe jarin samari da yawa a garin nan. In ka ga ba za ka iya ba nan kusa, ka faɗa mata da bakinka, ka sake ta ta samu rabonta. Innarka ma zauna da ita, ka nuna mata lissafin moton nan. Uwa in ta ji rana takan yi haƙuri, "sai Allah ya kawo" ɗin da kake ce mata ne ke hana ta barci.

Ka daina jiran Janairu, shekararka ba a nan take farawa ba. Taka tana tafiya da komawar yara makaranta a Satumba, da kaka, da azumi, da Sallah, lokutan da ciniki ke tashi ko kashe kuɗi ke yawa. Da su za ka riƙa auna kanka: kafin ƙaramar Sallah in tara kaza, kafin babba kaza. Kada ka sayi sabon littafi, ɗauko na bana da ka jefar, akwai sauran shafuka.

Ranar Lahadi mai zuwa kasuwar Pitowa ke ci. Ɗauki kawunka a moto ku je tare, kada ka karɓi kuɗinsa. Tsaya a layin 'yan albasa ka ji nawa dillali ke tayawa, nawa ake sallamawa, nawa mota ke ɗaukar buhu zuwa Duwala. Da yamma ka kira abokinka ya leƙa Sandaga ya gaya maka na can. Rubuta duka a shafi ɗaya, da Larabar nan taka ta shekara 38 a shafin da ke kallonsa, ka aiko mini bayan Sallah in gani. Ka gaida Inna.

Goggonka